Allurar Sin: Jiki Magayi Ne, Amma Hawan Jini Ba Ya Magana

Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a zaurukan WhatsApp na malaman makaranta da na iyayen yara a nan Lamorde da sauran unguwannin Harobanda. Saƙon yana ɗauke da jerin cututtuka, tun daga ciwon baya da ciwon kai har zuwa hawan jini, ciwon sukari, asma, shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa, wai duka allurar Sin tana warkar da su. A ƙarshensa an rubuta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, sannan ga lambar waya. Mai lambar ɗan kasuwa ne, kuma hukuma ce ya kamata ta yi maganinsa. Ni maganata da abokan aikina malamai ce, waɗanda suke tura saƙon gaba har da ƙarin "a yaɗa saboda Allah." Uban yaro in ya ga saƙo daga Malam, ba ya sake tambaya. Sunanmu ne yake sayar da hajar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda muke zaune. Babban asibitin ƙasa na Lamorde, wanda yanzu ake kira Amirou Boubacar Diallo, yana nan tsakaninmu. Sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdou Moumouni yana maƙwabtaka da shi. Ɗaliban likita suna haya a gidajenmu, muna sallah sahu ɗaya da malamansu. Duk faɗin Nijar babu unguwar da ta fi mu kusa da masu iya amsa tambayar lafiya, amma mun gwammace mu yarda da saƙon da ba mu san wanda ya rubuta shi ba.

Kafin wani ya ce ina ƙin mutanen Sin ne, bari in faɗi abin da kowa ya sani. Tun 1976 ƙasar Sin take aiko da ayarin likitoci Nijar daga lardin Guangxi, kuma sun yi wa mutanenmu aikin da ba za a manta ba. Su suka gina gada ta biyu da ta haɗa mu da tsakiyar Yamai a 2011, su suka gina babban asibitin da aka ƙaddamar a 2016. Likitan da ya yi karatu, yake aiki a asibiti, yake soka wa mai ciwon baya allura bayan ya auna shi, ba ni da rigima da shi. Rigimata da mai cewa allurar tana warkar da komai ce, ko Basine ne ko ɗan unguwarmu.

Mece ce allurar Sin ɗin? Siraran allurai ne da babu magani a cikinsu, ake soka su a wasu wurare na fata a bar su na kamar rabin awa. Tsohon bayanin da ke bayanta shi ne wai akwai wani ƙarfi da ke gudana ta wasu hanyoyi a cikin jiki, in ya toshe sai ciwo ya zo, allura kuma ta buɗe shi. Masu feɗe jikin ɗan Adam sun ga jijiyoyi da hanyoyin jini, ba su ga waɗannan hanyoyin ba. Ta shahara a ƙasashen Turai da Amurka ne bayan 1971, lokacin da ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya kamu da ciwon afendis a Beijing. An yi masa tiyata da maganin kashe zafi irin na asibiti, daga baya aka soka masa allurai don rage ciwon cikin da ya biyo baya, ya rubuta labarin. A wajenmu kuwa sunan kawai ya isa talla. Mutanenmu sun daɗe da ɗauka cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi, har wani in likita bai rubuta masa allura ba sai ya ga kamar ba a duba shi ba.

Yanzu ga tambayar da ta kamata. Ta yaya ake gane magani yana aiki? Malami bai kamata a koya masa wannan ba. A ce na fito da sabuwar dabarar koyar da lissafi, na gwada a ajina, ƙarshen zango yara suka fi yadda suke a farko. Wannan bai nuna komai ba, domin ko da tsohuwar dabarar ce yara za su ci gaba cikin wata uku. Sai na sami wani aji mai kama da nawa da ba a yi masa dabarar ba, a yi musu jarrabawa ɗaya, kuma mai gyaran takardu kada ya san na wane aji yake gyarawa. Dalilin da ya sa ake rufe sunan ɗalibi a takardar BEPC da ta BAC ke nan. Gwajin magani ma haka yake. Ciwon baya yana tashi yana kwantawa, kuma mutum ba ya neman magani sai ranar da ya fi tsanani, don haka ko ruwan randa aka ba shi, mako mai zuwa yana iya jin sauƙi. Shi ya sa masu bincike suke raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, a yi wa wasu maganin gaske, a yi wa wasu na bogi ba tare da sun sani ba, sannan a kwatanta. A 1998 wani likita Bajamushe, Konrad Streitberger, ya ƙera allurar da take komawa cikin mariƙinta maimakon ta huda fata, don a iya yin wannan gwajin ga allurar Sin.

An yi gwajin, kuma ba sau ɗaya ba. A Jamus an ɗauki mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka raba su uku, aka buga sakamakon a 2007. Waɗanda aka yi wa allura bisa ƙa'idar Sin, kashi 47.6 cikin 100 sun sami sauƙi bayan wata shida. Waɗanda aka soka wa allura sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44.2. Waɗanda aka bari da ƙwayoyi da motsa jiki kamar yadda aka saba, kashi 27.4. A 2009 aka buga sakamakon wani gwajin da aka yi a Amurka da mutum 638, wannan karon aka yi wa wani rukuni amfani da tsinken sakace, ana danna musu shi a baya ba tare da ya huda fata ba. Tsinken ya yi aikin da allurar ta yi, kuma dukansu sun fi waɗanda ba a yi wa komai na ƙari ba. A 2018 Andrew Vickers da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwaje 39 da suka ƙunshi mutum 20,827 masu ciwon baya, wuya, kafaɗa, gaɓoɓi da ciwon kai. Sun sami cewa allurar gaske ta fi ta bogi, amma da ɗan kaɗan, kuma ta fi rashin yin allura da tazara mai ɗan dama.

Adalci shi ne a faɗi abin da wannan yake nufi. Mai daɗaɗɗen ciwon baya ko gwiwa ko ciwon kai yana iya samun sauƙi daga allurar Sin. Yawancin sauƙin yana zuwa ne daga zaman da aka yi da shi, da taɓawa, da kulawa, da sa ran da ya yi, ba daga wurin da aka soka ba. Amma ga ciwo, jin sauƙin shi ne abin da ake nema, domin babu na'urar da ke auna zafi sai bakin mai shi. Saboda haka tun 2006 Jamus ta yanke cewa inshorar lafiya ta biya kuɗin allurar ga daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa. A Ingila hukumar NICE mai tsara wa likitoci ƙa'idar magani ta ce a 2016 kada a yi ta don ciwon baya, sannan a 2021 ta ce ana iya gwada ta ga daɗaɗɗen ciwon da ba a gano tushensa ba. Ko a fagen da ta fi ƙarfi ke nan, masana suna jayayya a kanta.

To ina ga cututtukan da ake iya aunawa? A nan ne saƙon ya zama haɗari. A 2011 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani gwaji da aka yi a Boston da masu asma 46. Kowanensu an gwada masa abu huɗu a ranaku daban-daban: maganin shaƙa na gaske, maganin shaƙa na bogi, allurar Sin ta bogi, da zama kawai ba a yi komai ba. Da aka tambaye su, sun ce sun ji sauƙi da kashi 50 bayan maganin gaske, kashi 45 bayan na bogi, kashi 46 bayan allurar bogi, kashi 21 bayan zama kawai. Da aka sa su hura na'urar auna numfashi, maganin gaske ya buɗe huhu da kashi 20, sauran ukun kuwa kusan kashi 7 kowane. Allurar bogi ce aka yi musu, babu abin da ya canza a huhunsu, amma sun rantse sun ji sauƙi kamar sun shaƙi magani. Uwar da ɗanta yake da asma ta karanta wannan sau biyu. Yaro yana iya cewa ya ji daɗi alhali ƙirjinsa a ƙuntace yake, kuma lokacin hunturu da ƙurar Yamai ba za su yi masa uzuri ba.

Hawan jini ya fi wannan muni, domin shi ba ya ma magana. Hausawa sun ce jiki magayi, amma mutum yana iya yawo shekara goma da tansiyo a sama bai ji komai ba, har ranar da zai faɗi. A 2006 an buga gwajin allurar Sin da aka yi wa masu hawan jini 192 a Amurka, ba a ga bambanci tsakanin ta gaske da ta bogi ba. A 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta duba gwaje-gwaje 22, ta ce babu hujjar cewa allurar tana saukar da jini saukarwa mai ɗorewa.

Batun haihuwa kuwa, wanda shi ne ya fi tatsar aljihun mata da mazajensu, an gwada shi sosai. A 2018 an buga gwajin mata 848 a Ostireliya da New Zealand da ake yi wa dashen ciki a asibiti. Waɗanda aka yi wa allurar gaske, kashi 18.3 sun haihu, waɗanda aka yi wa ta bogi, kashi 17.8. Shekara ɗaya kafin nan, a 2017, an buga gwajin mata 1,000 masu matsalar ƙwayayen haihuwa a cikin ƙasar Sin kanta, ƙarƙashin jagorancin Wu Xiaoke na jami'ar maganin gargajiya da ke Harbin. Allurar gaske ta ba da kashi 21.8, ta bogi kashi 22.4. Ƙwayar clomiphene kuwa, wadda ake samu a farmasi da takardar likita, ta ba da kashi 28.7, ƙwayar bogi kashi 15.4. Masu allurar ne da kansu suka yi gwajin, kuma suka faɗi gaskiyar abin da suka gani. Wannan shi ne mutunci, kuma ya kamata masu tura saƙo su ji kunya a gabansa.

Saura maganar "Hukumar Lafiya ta amince." Tana da tushe, shi ya sa take ruɗar mutane. A 1979 an yi taro a Beijing aka fitar da jerin cututtuka 43 da mahalarta suka ce ana iya yi wa allurar, bisa abin da suka saba gani a wajen aiki, ba bisa gwaji ba. A 2002 hukumar ta buga wani rahoto mai jerin cututtuka 28, har da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Masana sun soki rahoton da cewa ya dogara da ƙananan gwaje-gwaje marasa inganci. Tun a 1998 Vickers ɗin nan da na ambata ya nuna cewa duk gwaje-gwajen allura da ya duba daga Sin, Japan, Hong Kong da Taiwan sun ce ta yi aiki, babu ko ɗaya da ya ce a'a. Malamin da ya kawo maka sakamakon aji wanda kowane yaro ya ci ashirin bisa ashirin, shekara da shekaru, me za ka ce masa? Kuma manyan gwaje-gwajen da na kawo a sama duk bayan 2002 aka buga sakamakonsu. Mai yaɗa wancan jerin a yau kamar mai koyar da labarin ƙasa ne da taswirar da babu gada ta biyu a cikinta.

Na san amsar da ake ba ni a ɗakin malamai. Ana cewa Turawa ne ba sa son maganin da ba nasu ba, kuma gwajin nasu ma abin tsoro ne, a tuna abin da ya faru a Kano. Na tuna. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi shari'a shekaru a kan cewa ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba, har aka yi sulhu a 2009. Darasin Kano shi ne a sa ido a kan mai gwaji, a tilasta masa neman izini da faɗin gaskiya. Wanda ya ce darasin shi ne a daina gwaji, ya bar yaranmu ke nan a hannun duk mai baki.

Zancen ƙiyayya ga maganin Sin kuma, maganin zazzaɓin da ke cikin ɗakin kowannenmu ya ƙaryata shi. Tu Youyou da abokan aikinta sun tono tsoffin littattafan maganin gargajiya na Sin, suka tace girke-girke sama da 2,000, suka ciro sinadarin artemisinin daga wani tsiro dangin tazargade a 1972. An gwada shi, ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini inda ake iya gani da madubin likita, duniya ta karɓe shi, ita kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Coartem da ake ba ƴaƴanmu kowace damina daga nan ya fito. Ma'aunin da ya ɗaga artemisinin shi ne ya auna allura a kan hawan jini ya ce ba ta kai ba.

Kuma gwajin nan ba na Turai ba ne kaɗai. A Madarunfa, jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin gudawar yara da aka yi a Indiya da jarirai sama da 3,500, rabi aka ba su na gaske, rabi na bogi. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya rage gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota da kashi 66.7. A jihar Doso an gwada raba wa ƙananan yara azithromycin sau biyu a shekara, aka kwatanta ƙauyuka da ƙauyuka, sakamakon 2018 ya nuna mace-macen yara ya ragu da kusan kashi 18. Matan karkararmu sun miƙa jariransu don a san gaskiya. Me zai hana mai allura ya bi ta ƙofar da suka bi?

Amsa ta ƙarshe ita ce "ai ko ba ta yi amfani ba, ba ta cutarwa." A hannun ƙwararre haɗarinta kaɗan ne. A Jamus an bi mutum 229,230 da likitoci suka yi wa allurar, kashi 8.6 sun sami ɗan jini ko ƙurji ko ciwo, mutum biyu allura ta huda musu huhu. Wannan a inda ake jefar da allura bayan amfani ɗaya ke nan. A 1984 a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 35 sun kamu da ciwon hanta nau'in B daga wajen mai allura guda ɗaya. Ciwon hantar nan ya yi yawa a ƙasarmu, kuma duk wanda ya san dalilin da ya sa yanzu muke kai wa wanzami sabuwar reza ya san abin da nake nufi.

Amma babbar cutar ita ce barin magani. Wani abokin aikinmu, mutum mai natsuwa da ya girme ni, ya shekara shida yana shan ƙwayar tansiyo. Aka kai shi wani gida inda ake soka allura ana jona ta da wata ƴar na'ura, ya yi zama goma, kowane zama da kuɗinsa. Ya ce mini, "Malam, wallahi kaina ya yi sakayau, na huta da ƙwayoyin nan." Na ce, "Yaya, an auna ka?" Ya ce, "Me za a auna, ni da jikina?" Ba a yi wata huɗu ba ya faɗi a gaban allo. Yana raye, alhamdu lillahi, amma hannun da yake riƙe alli da shi ba ya ɗaguwa, kuma babban ɗansa ya bar lise yana tuƙa babur. Lambar gidan daga zauren malamai ya same ta.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ƴan uwana malamai, duk saƙon magani da ya zo, a yi masa tambaya uku kafin a taɓa shi: da wa aka kwatanta, su waye suka auna, kuma me aka auna, jin daɗi ko lambar da na'ura ta nuna? In babu amsa, a goge. Waɗannan tambayoyin a shigar da su aji ma, a darasin kimiyya, da gwangwani biyu na wake, ɗaya da taki ɗaya babu. Yaron da ya gane amfanin gwangwani na biyu, da wuya mai talla ya ci kuɗinsa in ya girma.

Iyaye, wanda yake fama da ciwon baya ko gwiwa ko ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya duba shi ya ce babu wani abu mai haɗari a ƙasa, yana iya gwada allurar a asibiti, a hannun wanda ya koya, da allurar da aka buɗe daga leda a gabansa. In an yi zama goma babu canji, ya tsaya, ya riƙe kuɗinsa. Mai hawan jini, mai sukari, mai asma, mai farfaɗiya da mai sikila kada su ajiye maganinsu don kowace allura, kuma duk wanda ya ce su ajiye, su tashi su bar masa wurin.

Malaman sashen likita na jami'armu kuma, ga marasa lafiya, ga ɗalibai masu neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga likitocin Sin a gari. A yi gwajin allurar nan a kan ciwon bayan matanmu masu daka da ɗaukar ruwa, da allurar bogi a gefe, a buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a fassara mana shi da Hausa da Zabarmanci a rediyo. Ma'aikatar lafiya kuwa ta bi lambobin wayar da ke ƙasan waɗannan saƙonni, ta tambayi masu su takardar izini. Lambobin ba a ɓoye suke ba, suna cikin wayar kowane malami a Harobanda.